Yadda ake gwada ƙarfin bidon roba a kwamfuta kafin a jibga masa kaya

Duk wanda ya taɓa leƙa mangazar 'yan man gyaɗa a Kasuwar Dole ta Damagaram cikin watan Afrilu ya ga abin da zan faɗa. Bido kan bido, hawa huɗu ko biyar, kwanon rufi yana ta huci a kansu. Ranar da aka jera su kowanne tsaye yake kyam. Bayan mako biyu sai ka tarar na ƙasa ya yi tumbi, kafaɗarsa ta lotsa, murfin ya karkace, mai yana tsattsafowa. Haka ta faru da kawuna. Ya ɗaga bidon da ya lotse, ya ce da ni, "Kai da ka yi karatun injiniya, hawa nawa wannan abu zai iya ɗauka?" Na ce, "Kawu, a ba ni guda uku marasa mai, a kuma ba ni mako ɗaya."

Abin da na yi a wannan mako shi zan shimfiɗa a nan, domin ɗaliban Jami'ar André Salifou da matasan da ke son shiga aikin roba, ko bido ne, ko gorar ruwa, ko robar zuba kindirmo.

A masana'antu akwai injin da ake yin wannan gwaji da shi. Faranti biyu ne na ƙarfe, a sa bido a tsakani, na sama ya riƙa saukowa a hankali, kamar milimita 25 ko 50 a minti, injin yana rubuta ƙarfin da ya danna da kuma nisan da bidon ya sauka. Ƙa'idar ASTM D2659 ita ce ta kwantenan roba da aka hura, ISO 12048 kuma ta kayan da aka cika aka jera. Injin yana da tsada. Amma akwai hanyar lissafi da malamai ke kira éléments finis da Faransanci, wadda Ray Clough ya raɗa wa suna a 1960. Ana yayyanka siffar abu zuwa dubban ƙananan gutsattsari kamar idanun raga, kwamfuta ta lissafa yadda kowane ido zai miƙe ko ya matse, sannan ta haɗa su ta faɗi yadda abin gaba ɗaya zai yi. Ni raga nake kiranta, mahaɗar idanun kuma ƙulli.

Tun yanzu ka riƙe wannan: kwamfuta ba ta taɓa riƙe bidonka ba, ba ta kuma san zafin Damagaram ba. Abin da ka ba ta shi za ta lissafa. Rabin aikin nan da wuƙa da ma'auni ake yinsa.

Kayan aiki

Ba sai ka sayi manhaja ba. FreeCAD na zana siffa, Gmsh na saƙa raga, CalculiX na yin lissafi, PrePoMax kuma na haɗa maka saƙar raga da lissafin CalculiX a fuska ɗaya idan Windows kake amfani da shi. Duk kyauta ne. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi ya duba Code_Aster, wanda kamfanin lantarki na Faransa, EDF, ya sake wa jama'a a 2001, yana zuwa cikin Salome-Meca, bayanansa kuma da Faransanci suke. Abaqus da Ansys, manhajojin da ake saye, sun fi santsi, amma na ɗalibai an ƙayyade musu yawan ƙulli. Bayan manhaja kana bukatar wuƙa mai kaifi, alƙalamin da ke kama roba, sikeli mai auna giram, da maikromita ko ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai.

Da farko, san nauyin da kake tsoro

Kada ka buɗe kwamfuta kafin ka yi wannan lissafi a takarda. Litar man gyaɗa ɗaya tana da nauyin kusan giram 910, saboda haka lita 25 za ta ba da kilo 23 ba kaɗan. Haɗa da nauyin robar, ka ce kilo 24. Idan hawa huɗu ne, na ƙasa yana ɗauke da uku, kilo 72 ke nan. Ninka da 9.81, ka sami kusan nyutan 706, nyutan kuwa shi ne ma'aunin ƙarfi.

Wannan nauyin mangaza ne, inda komai ke zaune. A bayan babbar mota a hanyar Tanut ko ta Magarya, kowane rami yana ninka shi. Ga zafi, ga daɗewa. Ni ina ninka adadin sau huɗu, in ce bidon da bai kai nyutan 2,800 a gajeren gwaji ba, ba zan yarda a yi masa hawa huɗu ba. Wannan ninki ra'ayina ne, kai ma ka zaɓi naka, amma ka rubuta shi tun kafin ka ga sakamako, don kada ka zo kana rage shi saboda sakamakon ya yi maka daɗi.

Yanka bidon ka auna kaurinsa

Nan ne aikin yake, nan kuma mutane suka fi yin sakaci.

Bido hura shi ake yi. Ana sauko da narkakkiyar roba kamar hanji, a rufe ta cikin mazubi, a hura iska ta kumbura ta manne da bango. Inda robar ta fara taɓa bango takan yi kauri. Inda ta yi tafiya mai nisa kafin ta isa, wato kusurwoyin ƙasa da kafaɗu, takan miƙe ta sirance. Shi ya sa za ka iya samun milimita 2.5 a tsakiyar gefe, kusurwa kuma ba ta kai 1.5 ba. Wanda ya ba kwamfuta kauri ɗaya ga bidon gaba ɗaya ya zana wani bido ne da babu shi a duniya.

Dubi dalili. Taurin bango wajen lanƙwasa yana tafiya ne da kauri ninki uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Idan kauri ya ragu da kashi 20 cikin 100, lissafin shi ne 0.8 sau 0.8 sau 0.8, ya ba da 0.512. Rabin taurin ya tafi, ido kuwa ba zai ga bambancin ba.

Auna bidon a sikeli tukuna, ka rubuta nauyinsa. Sannan ka zana masa layuka a kwance kowane santimita 5 daga gindi zuwa wuya, da layuka a tsaye ta tsakiyar kowane gefe da kowace kusurwa. Ba kowace mahaɗa lamba. Raba shi gida biyu ta kan ɗinkin mazubi, ka yanka tsiri-tsiri yadda bakin ma'auni zai isa ko'ina. Kada ka auna a bakin yanka, don wuƙa takan tattara roba a wurin. A kusurwa mai lanƙwasa, faffaɗan bakin ma'auni yana yin ƙarya, yana nuna kauri fiye da gaskiya, sai ka yanka ɗan ƙaramin gutsure ka auna shi shi kaɗai. Wuri arba'in zuwa sittin ya wadatar. Idan kana da bido na biyu, maimaita, ka ɗauki mafi sirantar abin da ka gani a kowane wuri.

Zana siffar

A FreeCAD, zana fatar bidon kawai, ba dunƙulallen abu ba. Abin da ake so shi ne shimfiɗar da ke bi ta tsakiyar kaurin bango. Bar rubutun kamfani da zaren murfi da ƙananan ado, ba sa ɗaukar kaya, raga kawai suke cikawa. Amma kada ka taɓa zagayen kusurwa, da haƙarƙarin da aka fitar a gefe, da ramin gindi, da mariƙi. Auna su da kyau. Kwali da almakashi suna taimakawa: yanka kwali har ya zauna daidai a kan lanƙwasar, sannan ka auna kwalin.

Rarraba fatar gida-gida bisa kaurin da ka auna, kamar yanki goma zuwa goma sha biyar: gindi, kusurwoyin ƙasa, tsakiyar gefe, kafaɗa, wuya, mariƙi. Ajiye zanen a matsayin fayil nau'in STEP.

Ga gwajin da zai nuna maka ko ka kuskure. Ninka faɗin fatar kowane yanki da kaurinsa da nauyin robar, ka tara. Misali, fata mai murabba'in milimita 550,000, da kauri 2, da giram 0.00095 a kowane kubik milimita, za ta ba da giram 1,045. Idan abin da ka samu ya yi nesa da abin da sikeli ya nuna da fiye da kashi 5 cikin 100, koma ka duba awonka kafin ka ci gaba.

Gaya wa kwamfuta wace irin roba ce

Juya gindin bidon, za ka ga lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 HDPE ce, ita ce ta yawancin bido. Lamba 1 PET ce, ta gorar ruwa da lemo. Lamba 5 kuma PP, ta bokitai da murafu da yawa.

Ga HDPE a digiri 23, ma'aunin tauri da ake rubutawa da harafin E yana tsakanin 800 da 1,200 MPa (megapaskal, ma'aunin matsi). Robar tana fara sakin jiki, ba ta komawa yadda take, a wajen 22 zuwa 30 MPa. A gurbin Poisson, wato adadin da ke nuna yadda roba ke sirancewa idan an ja ta, sa 0.42. PET da aka hura ta fi wannan tauri ninki biyu ko uku. Idan ka sami takardar bayanin robar daga mai sayar da ita, ko ka sami inda za a ja maka tsiri bisa ƙa'idar ISO 527, yi amfani da wannan, ya fi kowane adadi na littafi.

Kada ka tsaya a E kaɗai. Shigar da layin sakin jiki, wato yadda matsi da miƙewa ke tafiya bayan robar ta fara saki, domin a kusurwa robar takan wuce iyakarta kafin bango ya lotsa. Manhaja tana son adadi na haƙiƙa, ba na injin ja ba: ninka matsin da ɗaya haɗe da miƙewa, miƙewar kuma ka ɗauki logaritim na ɗaya haɗe da ita.

Kula da ma'aunai. Manhajojin nan ba su san mita ko milimita ba, lamba kawai suke gani. Idan tsawo milimita ne, ƙarfi nyutan ne, matsi MPa ne, to nauyin roba sai a rubuta shi da tan a kubik milimita, wato 9.5e-10. Kuskure a nan ba ya ihu, amsa kawai zai ba ka mai kama da gaskiya.

Sai zafi. Digiri 23 na ɗakin gwaji ne a Turai. A nan, cikin Afrilu da Mayu, inuwa ma tana wuce 40, balle ƙarƙashin kwano ko tamfol a bayan mota. HDPE da ta kai digiri 50 zuwa 60 taurinta yana sauka zuwa wajen rabi. Bayan haka roba tana da wata ɗabi'a: idan kaya ya daɗe a kanta tana ci gaba da saki a hankali, kamar igiyar guga. Bayan sa'o'i dubu, taurin da take nunawa yakan koma wajen kashi ɗaya cikin uku na ranar farko. Wannan ne ya sa bidon kawuna bai lotse ranar da aka jera shi ba sai bayan mako biyu. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jarkokin roba masu ɗaukar ruwa mai haɗari ta san da haka: tana bukatar a ɗora musu nauyin jeri mai tsawon mita 3, na kwana 28, a zafin da bai gaza digiri 40 ba. Abin da suka ɗauka gwaji mai tsanani, shi ne bazararmu ta kowace shekara.

Saboda haka ka shirya roba iri uku a manhaja: ta digiri 23, ta zafi mai rabin tauri, da ta zafi da daɗewa mai kashi ɗaya cikin huɗu. Lissafi uku za ka yi.

Saƙa raga

Zaɓi idanu na fata, waɗanda ake gaya wa kauri da lamba. A CalculiX, S8R mai kusurwa huɗu da S6 mai kusurwa uku suna aiki da kyau a wurare masu lanƙwasa. Fara da ido mai faɗin milimita 8, zai ba ka idanu dubu takwas da wani abu, ƙaramar kwamfuta za ta iya. A kowace lanƙwasar kusurwa ka tabbata akwai ido huɗu ko biyar.

Bido yana da ɓangare biyu masu kama da juna idan an raba shi ta kan mariƙi da baki, za ka iya lissafa rabi don saurin aiki. Amma lotsewa ba kullum take bin daidaito ba, wani lokaci gefe ɗaya ke shiga ya bar ɗaya. Lissafin ƙarshe ka yi shi da cikakken bido.

Faranti, taɓawa da dannawa

Zana faranti biyu marasa lanƙwasa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kafe na ƙasa. Tsakanin faranti da roba sa dokar taɓawa, da gogayya 0.2 zuwa 0.3. Kada ka manne gindin bidon da farantin, don a zahiri gindi yana zamewa yana buɗewa, mannewa kuma tana ƙara masa ƙarfin da ba shi da shi.

Kada ka ce wa farantin sama ya danna da nyutan kaza. Ce masa ya sauko milimita 20, a ƙananan taku, kowane taku kashi ɗaya cikin ɗari na tafiyar, kai kuma ka karanta ƙarfin da ya sha. Idan ƙarfi ka ba shi, da zarar bango ya lotsa lissafin zai tsaya, ba za ka ga abin da ya biyo baya ba. Kunna NLGEOM, shi ne ke sa manhaja ta riƙa sabunta siffar yayin da take sauyawa. Ba tare da shi ba bidonka ba zai taɓa lotsewa a kwamfuta ba.

Wani abu da na lura da shi a mangaza: abin da ke kan bido ba faranti ba ne, gindin wani bido ne, kuma sau da yawa ba ya zama daidai. Yakan hau murfi, ko ya zame gefe. Bayan ka gama da faranti, yi wani lissafi da gindin bido a sama, ka gusar da shi santimita 2 ko 3. Ƙarfin da za ka samu a nan shi ya fi kusa da rayuwa.

Lotsewa

Fara da gajeren lissafin da CalculiX ke kira BUCKLE. Ɗora nyutan 1, adadin farko da zai fito shi ne nauyin lotsewa, zai kuma nuna maka inda bango zai shiga. Kada ka kai wa kowa wannan adadi, yakan fi gaskiya yawa, domin yana ɗaukar bidon ba shi da ko ɗan aibi. Amfaninsa siffar. Ɗauki siffar lotsewa ta farko, ka rage ta har mafi girman karkatarta ya zama kashi ɗaya cikin goma na kaurin bango zuwa rabinsa, ka mayar da ita sabuwar ragarka. Da wannan bido mai ɗan aibi za ka yi babban lissafi.

Idan lissafi ya cije a daidai wurin lotsewa, rage taku. Idan ya ƙi, koma lissafin motsi, amma ka duba kuzarin motsi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuzarin da robar ta sha, in ba haka ba duka kake yi ba dannawa ba. Sa manhaja ta riƙa ajiye sakamako a kowane taku, don idan wuta ta ɗauke kada aikin dare guda ya tafi.

Bido da mai a ciki

Fara da wanda babu komai, babu murfi, don shi ya fi sauƙin tabbatarwa. Sannan ka zuba ruwa. Nauyin ruwa mai zurfin santimita 40 yana tura bango da kusan 0.004 MPa a gindi, yana raguwa zuwa sifili a sama. Idan murfi a rufe yake, ruwa ba ya matsuwa, iskar da ke sama ce ke matsuwa. Iska lita 1.5 da ta koma 1.35 tana ƙara matsi da kusan 0.011 MPa. Abaqus yana lissafa wannan da kansa, a CalculiX kuwa sai ka auna raguwar cikin, ka gyara matsin, ka maimaita. Iskar tana tallafa wa bido, amma ban yarda a dogara da ita ba, don murfin da aka buɗe sau goma ba ya riƙe iska na mako biyu.

Karanta sakamako

Kada jan launi ya ɗauke maka hankali. Inda faranti ya fara taɓa roba kullum ja yake, kuma yana ƙara ja duk lokacin da ka ƙanƙanta raga. Abin dubawa shi ne zanen ƙarfi da nisan sauka. Layin yakan tashi kusan a miƙe, ya lanƙwasa, ya kai ƙololuwa, ya faɗo. Ƙololuwar farko ita ce ƙarfin bido. Amma idan wuya ya karkace ko jeri ya fara jirkicewa kafin a kai can, to nauyin wannan lokaci shi ne iyakarka. Wajen kallon siffa, mayar da ma'aunin zuzutawa zuwa 1, don kada manhaja ta nuna lotsewar fiye da yadda take.

Maimaita da ido mai milimita 5. Idan ƙololuwar ta sauya da ƙasa da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ragar ta isa. Idan ta fi haka, ƙara ƙanƙantawa.

Gani ya kori ji

Bido na uku na wannan ne. Ajiye shi a daɓen siminti da sassafe, cikin inuwa, babu murfi. Ɗora masa katako mai kauri, ka jera bulo a gefe biyu ƙasa da katakon da 'yan santimita, don su tare kayan idan ya faɗi. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan nyutan 490. Ɗora ɗaya, jira minti ɗaya, auna saukar katakon a kusurwa huɗu, ka ɗauki matsakaici. Ɗora na biyu, haka. Ku zama ku biyu, ƙafa nesa da katako, yara kuma a waje.

Ɗora waɗannan awo a kan zanen kwamfuta. Idan gangaren farko bai dace ba, matsalar E ce ko kauri. Idan gangare ya dace amma ƙololuwa ta bambanta, duba kusurwoyi da girman aibin da ka sa. Idan kwamfuta ta lotsa kafaɗa, bido kuma ya lotse a gindi, to siffar ce ba daidai ba, ko da lambobin sun yi kusa. Bambancin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ni ina karɓarsa.

Da zarar sun dace, sai ka fara tambayar kwamfuta abin da siminti ba zai iya amsawa ba: idan an ɗebe roba daga tsakiyar gefe an kai kusurwa fa? Idan an faɗaɗa zagayen kafaɗa, ko an ƙara haƙarƙari a tsaye? Haƙarƙari a kwance yana hana tumbi, amma yana sa bango ya naɗe idan an danna daga sama, sai ka gwada ka gani. Sauya abu ɗaya a kowane lissafi.

Akwai abin da ragar ba ta gani. Bidon da ya yi shekara a kan kurar masu ruwa rana ta cinye fatarsa, ya zama mai saurin tsagewa, wanda kuma aka daɗe ana zuba wa ruwan sabulu yakan tsage a inda yake ɗaure ko da kaya kaɗan. Idan tsofaffin bido ake jerawa, daga cikinsu za ka ɗauki na yanka da na gwaji.

A lissafin bidon kawuna, robar digiri 23 ta wuce abin da na nema. Ta zafi da daɗewa kuwa ta gaza, kuma a kafaɗar da ke kusa da baki ta lotsa, daidai inda nasa ya lotse. Na koma na ce masa, "Kawu, hawa uku, a sa katako tsakanin kowane hawa don kada gindi ya hau murfi, a kuma janye jerin daga bangon yamma." Ya kira yaran shago, suka fara sauke hawa na huɗu.